Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba a Daura da Ta Ce Sai Likitancin Dabbobi

Wannan bayani ne a kan ɗaliba guda ɗaya da na koyar da ita bayoloji a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a ƙasar Daura, da irin faman da aka yi a kan burinta har tsawon shekara uku. Na sakaya sunanta da na iyayenta da na makarantar, domin mutanen suna nan da ransu, kuma wasu maganganun cikin ɓacin rai aka yi su. Na rubuta shi ne saboda malamai 'yan'uwana da kuma iyaye, ganin cewa kusan kowace shekara sai an sami yaro ko yarinya sun furta abin da suke son zama, mu manya kuwa mu sage musu gwiwa tun kafin mu zauna mu auna ko abin mai yiwuwa ne.

Asalin lamarin

Mahaifin yarinyar dillalin dabbobi ne, yana cin kasuwar Mai'aduwa duk ranar Lahadi, kuma da la'adar da yake samu a kara da ɗan abin da gona ta bayar yake riƙe da gidansa. Mahaifiyarta ba ta fita, amma tana kiwon awaki da tumaki a bayan ɗakinta, kamar yadda dubban mata suke yi a wannan yanki. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san cewa akuyar mace ita ce asusunta. Da ita ake yin kayan ɗakin 'ya, da ita ake biyan kuɗin asibiti idan ciwo ya zo da daddare, ita ake sayarwa a fita kunyar biki ko suna.

Lokacin da yarinyar take aji uku na ƙaramar sakandare, wata annoba ta shiga awakin unguwarsu. Dabba za ta fara da zazzaɓi, sai majina da kwantsa su rufe mata hanci da ido, bakinta ya yi gyambo, sannan zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Wannan ita ce cutar awaki da tumaki da likitoci suke kira PPR, kuma ƙwayar bairos ce take kawo ta, saboda haka kafson nan ja da rawaya da mata suke jiƙawa su ɗura wa dabba ba ya kashe ta. Abin da yake tare ta shi ne allurar rigakafi, wadda ake yi wa dabba tun tana da lafiya, ta kare ta shekara uku ko fiye. A gidan babu wanda ya san haka. Mahaifin yana wajen fatauci, malamin dabbobin da aka aika a kira kuma namiji ne, ba shi da ikon wuce zaure a gidan da maigida ba ya nan. Yarinyar ce ta riƙa ciccibo awakin ɗaya bayan ɗaya tana kai masa zaure, tana komawa ta tambayi mahaifiyarta abin da ya tambaya, ta dawo masa da amsa. Mafi yawan awakin sun mutu, kuma su ne aka tanada domin kayan ɗakin yayarta.

Ban san wannan labari ba sai daga baya. Abin da na fara sani shi ne, ranar da na ce 'yan aji biyu na babbar sakandare kowa ta rubuta abin da take son zama, ita ta rubuta likitar dabbobi. Da na karanta a fili, ajin ya fashe da dariya, kuma daga ranar aka laƙaba mata sunan likitar awaki. Ni ma ban tsawatar yadda ya kamata ba. Bayan an tashi na kira ta na ce mata: "'Yata, ai da nas ko ungozoma kika rubuta, ga makarantunsu nan a Katsina da Malumfashi, karatun bai kai wannan tsawo ba, kuma aiki ne da ya dace da mace." Ta sunkuyar da kai ta ce: "Malama, matan unguwarmu suna da ungozoma, awakinsu ne ba su da kowa." Wannan amsa ce ta sa na tambaye ta dalili, ta ba ni labarin da na kawo a sama. Ke nan mutum na farko da ya fara karkatar da ita daga burinta ni ce, malamar da take koya mata darasin da burin ya dogara a kansa, kuma na yi hakan ne da kyakkyawar niyya.

Masu shakka da abin da kowannensu yake tsoro

Da maganar ta isa gida, sai ta tarar da mutum huɗu, kowa da nasa. Gwaggonta, wato ƙanwar mahaifinta, ita ce ta fi kowa zafi. Cewa take yi babu namijin da zai auri mace mai warin turke, kuma abin kunya ne a ce 'yar gidan mutunci tana cusa hannu a cikin saniya. Baffanta, wan mahaifinta, wanda ba a yanke shawara a gidan sai da shi, lissafin shekaru yake yi. Karatun likitan dabbobi shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, ga kuma yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan aka haɗa da shekarar bautar ƙasa, in ji shi, yarinya za ta tsufa a gaban iyayenta, alhali ga ƙannenta mata suna tasowa. Mahaifinta bai cika magana ba, amma damuwarsa biyu ce, kuɗi da tsaro. Tun daga daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye da yawa a jihar nan suka shiga ɗari-ɗari da duk karatun da zai raba su da 'ya'yansu, balle 'ya mace da za ta bi doguwar hanya zuwa Zariya ko Sakkwato. Na huɗu ba a gida yake ba, a ɗakin malamai yake. Malamin kemistiri ya ce mini kai tsaye yarinyar ba ta da ƙarfi a darasinsa, kuma sa mata rai da abin da ba za ta samu ba zalunci ne.

A nan ne na ga kuskuren da muke yawan yi idan muna son ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa. Sai mu tattara duk masu shakka mu zuba su a kwando ɗaya, mu kira su mahassada ko masu baƙin ciki, mu ce wa yaro ya toshe kunnensa. Wannan shawara ba ta da amfani a gidan Bahaushe, domin wanda ake cewa a toshe wa kunne shi ne mai biyan kuɗin rajista, shi ne kuma wanda albarkarsa yaron yake nema. Bayan haka, ba gaskiya ba ne a ce duk shakka hassada ce. Da na zauna na rarrabe maganganun nan huɗu, sai na ga ta gwaggo ce kaɗai ba ta da abin kamawa sai raini da rashin sanin aikin. Sauran ukun kowace tana ɗauke da gaskiya a cikinta: shekarun suna da yawa, kuɗin babu su a hannu, hanyar tana da haɗari, kemistirin yarinyar kuma da gaske yana da rauni. Irin wannan shakka ba a kawar da ita da daɗin baki. Sai an kawo mata amsa, kuma nemo amsar aikin babba ne, bai kamata a bar wa 'yar shekara goma sha shida ita kaɗai ba.

Abin da na fara yi shi ne neman sani, domin ni kaina ban san aikin sosai ba. Na duba ƙasidar JAMB na tabbatar da abin da ake bukata: kiredit biyar a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, sannan a jarrabawar shiga jami'a a zauna wa Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, jimillar maki 400. Na gano cewa jami'o'in Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da tsangayar likitancin dabbobi, kuma tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya yana ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da jami'a take yi wa hidima, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin zamani, waɗanda Katsina tana cikinsu. Wato ƙofar ba a rufe take ba ga 'yar Daura, in dai ta kawo makin da ake nema. Na kuma fahimci faɗin aikin. Likitan dabbobi shi ne yake duba nama a kwata kafin ya shiga kasuwa, shi ne yake tare cututtukan da suke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, irin su haukan kare da tarin fuka da ake ɗauka a madarar da ba a dafa ba, da murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Nijeriya a jihar Kaduna a 2006. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana nan tun 1924 tana haɗa alluran rigakafi. Ciwon bushiya, wanda kakanninmu suka sani yana share garke guda, an shelanta kawar da shi daga duniya a 2011, kuma yanzu PPR ɗin nan da ta kashe awakin mahaifiyarta ake son kawarwa zuwa 2030.

Da wannan na je gidansu, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Na fara shiga wajen mahaifiyar, wadda ban sha wahala da ita ba, tun da ita ce ta ga asarar da idonta. Maganar mahaifin kuwa a zaure aka yi ta, kuma na roƙi malamin addinin Musulunci na makarantarmu ya raka ni, saboda dattijo ne da ake jin nauyinsa a garin. Ban ce wa mahaifin 'yarsa za ta yi arziki ba, ban kuma yi masa alkawarin aikin gwamnati ba. Na tambaye shi ne sau nawa ya ga an kawo saniya mai ciwon huhu ko ɓoru kara an sayar da ita a wulaƙance, da kuma mata nawa ya sani a unguwarsu da suka rasa dabbobinsu saboda babu mai shiga ya duba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malama, abin da kika faɗa haka yake, amma ni ba ni da ta cewa sai abin da Yaya ya ce." Dattijon da ya raka ni ya tunatar da shi cewa neman ilimin da al'umma take bukata farali ne na kifaya, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu mata ta horar ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata a inda maza ba sa shiga. Abin da muka samu a wannan zama kaɗan ne: an yarda ta zauna jarrabawar da waɗannan darussa, sauran magana sai an ga sakamako.

Faɗuwar farko

Ta zauna jarrabawa a 2023, kuma ba ta yi nasara ba. Makinta na JAMB bai kai rabi ba, a jarrabawar kammala sakandare kuma ta sami kiredit a komai sai kemistiri. Laifin wannan faɗuwa akwai nawa a ciki, kuma ina ganin shi ne darasi mafi nauyi a lamarin gaba ɗaya. Saboda ina jin haushin masu yi mata dariya, sai na riƙa yaba mata fiye da kima, ina ce mata za ta iya, ban zaunar da ita na nuna mata girman ramin da yake gabanta ba. Malamin kemistiri ya gaya mini gaskiya tun da wuri, ni kuwa na sa shi a layin masu kashe gwiwa, maimakon in roƙe shi ya taimaka. Ga kuma wani abin da ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB baki ɗaya, kuma a shekarar da ta zauna tambaya 180 ce cikin awa biyu, yarinyar nan kuwa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta na cikakken awa ɗaya ba sai ranar jarrabawar. Ta gaya mini cewa ta ɓata lokaci mai yawa tana neman yadda za ta koma tambayar da ta tsallake. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fafe namu.

Abin da ya biyo baya ya yi mata tsanani. Baffanta ya ce dama ya faɗa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gwaggo ta kawo maganar wani mai shago da yake son ta. Ƙawayenta biyu sun sami gurbi a kwalejin ilimi, wata kuma an sa mata rana. Ta yi kusan wata guda ba ta zo wurina ba, da ta zo kuma cewa ta yi ta haƙura, wataƙila Allah bai rubuta mata ba. Na lura a lokacin cewa maganar masu shakka ba ta yin illa sosai ranar da aka faɗe ta. Illarta tana zuwa ne ranar da ɗalibi ya faɗi, domin a ranar ce yake ɗauko ta ya mayar da ita tasa, ya riƙa faɗa wa kansa da bakinsa.

Ban ce mata ta daure kawai ba. Na ba ta haƙuri a kan abin da na gaza yi, sannan muka ɗauko sakamakon muka duba shi darasi bayan darasi. Bayolojinta yana da kyau ƙwarai, Turancinta matsakaici ne, fiziks da ɗan dama, kemistiri ne ya ja ta ƙasa. Na nuna mata cewa takardar ba ta ce ba ta da ƙwaƙwalwa ba, abin da ta ce shi ne akwai darasi ɗaya da ba ta iya ba tukuna, da na'ura ɗaya da ba ta saba da ita ba, kuma duka biyun ana koyonsu. Daga nan na je wajen malamin kemistiri na ce masa shi ne mai gaskiya, na roƙe shi. Mutumin da nake ɗauka abokin hamayya sai ga shi ya ware yammacin Asabar da Lahadi yana koya mata tare da wasu ɗalibai uku, bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce tun farko ba ƙin yarinyar yake yi ba, ganin an ɗora ta a kan doki babu linzami ne ya dame shi.

Zama na biyu da iyayen ya fi na farko wuya, domin wannan karon har da baffan. Ban yi masa gardama a kan shekaru ba, tun da lissafinsa daidai ne. Abin da na roƙa shi ne shekara ɗaya tak, da sharuɗɗan da shi ma zai sa baki a ciki. Aka tsaya a kan cewa za ta sake rubuta jarrabawar NECO ta 'yan waje a ƙarshen shekara, bayan mun tabbatar jami'ar da take nema tana karɓar sakamakon zama biyu, ta kuma sake JAMB sau ɗaya. Idan makin bai kai na likitanci ba, za ta nemi difloma a fannin lafiyar dabbobi, wadda shekara biyu ce kuma tana iya zama tsani daga baya. Maganar mai shagon kuma aka ce a jingine ta, ba a kore shi ba, ba a kuma ba shi ba. Baffan ya ce: "To, Malama, shekara ɗaya kika ce, ni kuma na ji. In ta wuce, kada ki sake zuwa mini da wata magana." Na amsa da to. Akwai masu ganin cewa karɓar irin wannan sharaɗi rauni ne, cewa kamata ya yi a tsaya kai da fata sai an ba yarinya cikakken 'yancinta. Ni ban ga haka ba. Da na nemi duka a ranar, da na fito babu komai, kuma ita ce za ta kwana a gidan, ba ni ba.

Shekarar zaman gida

Wannan shekara ta zo da matsin da babu wanda ya shirya masa. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Kasuwar Mai'aduwa da dabbobin da ake korowa daga Nijar take rayuwa, saboda haka la'adar mahaifin ta ragu ƙwarai, har ya gaya wa matarsa cewa ba shi da kuɗin sake rajistar jarrabawa. Mahaifiyar ce ta sayar da tunkiya ta biya. Kuɗin koyon kwamfuta a wani shago kuma daga adashen da muke yi mu malamai mata aka ranta mata, ta riƙa zuwa sau biyu a mako tana gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanta.

Wani abu ya faru a wannan tsakani wanda ba ni na tsara shi ba. Ma'aikatan lafiyar dabbobi sun zo yin rigakafi a yankin, kuma kamar kullum mata da yawa suka ƙi fito da awakinsu, wasu don tsoron allurar za ta zubar wa akuya ciki, wasu don mazansu ba sa nan. Yarinyar ta nemi izinin mahaifinta, ta ɗauki ƙanenta, ta riƙa shiga gida gida tana yi wa mata bayani da irin harshen da suke ji, tana tuna musu shekarar da awakin unguwar suka ƙare. Ba ta yi wa kowace dabba allura ba, domin ba aikinta ba ne kuma ba ta da horon yin sa. Tana dai jawo su zuwa ƙofar gida, ta riƙe, ta rubuta na wace ce da guda nawa. Ma'aikacin da ya jagoranci aikin ya gaya wa mahaifinta a gaban mutane cewa ba su taɓa samun fitowa irin ta wannan unguwa ba. Mahaifin bai ce komai ba a wurin, amma mahaifiyar ta gaya mini cewa daga ranar ya daina cewa "karatun nan naku", ya koma cewa "karatunta". Gwaggo ma an ga ta aiko a tambayi yarinyar abin da za a ba ragon da take turkawa domin layya, ko da yake har yau ba ta janye maganar warin turke ba.

Ina ganin wannan aikin rigakafi ya yi abin da duk bayanina bai yi ba. Mutanenmu ba su cika gaskata buri da baki ba, sai sun ga alamarsa a ƙasa. Da a ce tun tana aji biyu na nema mata hanyar zuwa asibitin dabbobi lokacin hutu tare da wani muharraminta, da wataƙila an rage rabin gardamar. Ita kanta ma ta amfana, domin a nan ta gwada kanta ta ga ko za ta iya jure kashi da wari da harbin dabba, ta kuma ga ta jure.

Ta sami kiredit ɗin kemistiri. A JAMB ta 2024 makinta ya ɗaga sosai, ta je ta yi tantancewar jami'a, sunanta bai fito a jerin farko ba, sai a na biyu. Makonnin da ke tsakanin jerin biyun sun yi mana tsawo, har mun fara cike takardun difloma kamar yadda aka yi alkawari. Da gurbin ya fito a shafin JAMB ta karɓa, sai maganar kuɗi ta dawo sabuwa. A shekarar ce asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki, wanda yake biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi ɗan abin kashewa duk wata, ba tare da ruwa ba. Baffan ya ƙi maganar da farko, yana cewa ba za a ɗora wa 'ya mace bashi ta kai gidan miji ba, sai da aka yi masa bayanin cewa babu riba a ciki kuma ba a fara biya sai bayan bautar ƙasa da shekara biyu. A kan tsaro kuwa, mahaifin ya kafa nasa sharuɗɗan: a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin jami'a za ta zauna, ba za ta yi tafiyar dare ba, kuma shi ko wanta ne zai kai ta ya ɗauko ta. Har yanzu a kan haka ake.

Inda lamarin yake a yau

Yanzu tana aji biyu, kuma ba zan ce komai ya daidaita ba. Karatun ya fi yadda ta zata nauyi, musamman darasin sanin sassan jikin dabba, inda ake haddace ƙashi da jijiya na dabbobi iri iri, kuma akwai darasi ɗaya na ajin farko da sai da ta maimaita shi. Kuɗin littattafai da na kayan aiki suna fin ƙarfin abin da take samu, mahaifiyarta ce take cikewa da kiwonta. An kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, abin da ya sa wasu a gidan suka fara cewa wataƙila aikin zai yi daraja, amma ni ban taɓa gina mata rai a kan wannan ba, domin saura shekara huɗu, kuma babu wanda ya san yadda ƙasa za ta kasance a lokacin.

A makaranta na sauya yadda nake yin darasin nan na tambayar buri. Ba na ƙara karanta amsar kowa a fili. Ina kiran yarinya ita kaɗai in tambaye ta abin da ya sa, sannan mu buɗe ƙasidar JAMB tare mu ga abin da ake nema da inda take a yanzu, in kuma tambaye ta wane ne a gidansu maganarsa take da nauyi. A bara yarinya ɗaya ta ce injiniyar jirgin ƙasa take son zama, saboda tana ganin aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura, ga kuma jami'ar sufuri a garin. Lissafinta yana da rauni, kuma tun a zaman farko na gaya mata haka, na haɗa ta da malamin lissafi.

Ita kuwa ɗalibata ta farko, mai shagon nan bai janye ba, kuma baffanta ya sake tayar da maganar a hutun da ya wuce, yana cewa shekarar da ya bayar ta zama uku. Ita ta ce ba ta ƙi aure ba, in dai za a rubuta cewa za ta ƙarasa karatunta kuma za a bar ta ta yi aiki da shi. Mahaifinta, wanda a da yake cewa ba shi da ta cewa, wannan karon ya ce wa wansa a bari a ji ta bakin yaron a kan sharaɗin tukuna. An sa za a zauna bayan Babbar Salla, kuma mahaifiyarta ta aiko mini cewa tana so in zo.